Kayan Madugu Nomau a Ƙofar Dargaza

Sarkin Dargaza Ɗanbaro ya ci yaƙin Ƙofar Zango cikin rabin yini, ya kori mayaƙan Tsaure har hayin kogi. Amma mutumin da ya yi shekara bakwai yana nema ya ratsa tsakiyar birninsa da kaya a ka, babu dogarin da ya taɓa shi. Alƙalin birnin, Malam Ƙasimu, shi ya ce ba shi da hurumin yi masa shari'a. An yi wannan a shekara ta goma sha tara ta sarautar Ɗanbaro, ƙarshen bazara, a filin da ke tsakanin ganuwa da rijiyoyin fatake.

Sunan mutumin Tunau. A da shi ne Sarkin Bakan Tsaure, shugaban maharban sarkin can. Ranar da ƙasashen biyu suka taru a mashigin kogi don ƙulla sulhu, an riga an shafa fatiha sai kibiya ta fito daga cikin ciyawa ta kashe Ciroma, babban ɗan Ɗanbaro. An gane kibiyar, domin Tunau kaɗai ke naɗa jan zare a gindin kibiyarsa. Wanda ya sa shi ne ba a sani ba. Sarkin Tsaure ya rantse ba da saninsa aka yi ba, Tunau kuwa ya ɓace.

Ya sake bayyana ne cikin ayarin kanwa na Madugu Nomau, yana kora takarkarai kamar kowane bara.

Akwai wata rantsuwa tsakanin sarakunan Dargaza da fatake wadda ta girmi ganuwar birnin. Kowane ayari yana da ƙunshi guda da ake kira kayan gaba: kanwa ce a ɗaure cikin fatar sa, da ƙararrawa a jiki. Muddin kayan gaba ba su taɓa ƙasa ba, ayari yana kan hanya, ko da sauran mutane sun kwance dabbobinsu sun hura wuta. Wanda ke kan hanya kuwa madugu ne alƙalinsa. Da zarar an sauke su, ayari ya zama baƙon gari: sarki ya kare shi, alƙali ya hukunta shi.

Nomau ya iso filin zango da hantsi, har ya kama igiyar kayan gaba zai kwance. A daidai lokacin Sarkin Ƙofa, wanda yana wurin ranar da aka kashe Ciroma, ya hango fuskar da ya sani. Da ya haƙura kaɗan, da labarin ya ƙare a nan. Maimakon haka sai ya ɗaga murya daga kan ganuwa ya ce, "Tunau ne! Wallahi Tunau ne!"

Nomau ya dubi ganuwa, ya dubi baransa, ya mayar da ƙullin igiyar ya ƙara tamkewa.

Da azahar majalisa ta cika. Sarki bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya dubi alƙali ya ce, "Malam, wanda ya kashe ɗana yana bakin ƙofata. Yaushe za ka zauna?"

Malam Ƙasimu ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ba zan iya zama ba. Mutumin bai iso ba tukuna."

Madawaki Ƙosau, shugaban mayaƙa, ya yi dariya. "Allah gafarta Malam, ko idon ne ya fara? Hau ganuwa ka gan shi. Ga shi can yana shayar da shanu da ruwan rijiyarmu."

"Na gan shi, Madawaki. Idona ya kai gare shi, hukuncina ne bai kai ba. Kafin alƙali ya tambayi wa ya yi laifi, kansa yake fara tambaya: wa ya naɗa ni, a kan wace ƙasa, a kan waɗanne mutane? Amsar nan ita ce huruminsa. Sarki ya naɗa ni a kan mutanen Dargaza da baƙin da suka sauka. In na yanke hukunci a kan wanda bai sauka ba, magana kawai na yi. Haunin da ya sare wa mutumin kai da wannan magana, kisan kai ya yi, ni kuma na taya shi."

Sarki ya ce, "Ni na ba ka hurumin. In na faɗaɗa maka shi yau fa?"

"Zaki, mutum yana kyauta da abin da ya mallaka. Hanya kakanka ya bar wa fatake ita, da hannunsa a kan Littafi. Ba ta cikin abin da ka gada."

Galadima Anaruwa, wanda ya girmi kowa a majalisar, ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ina saurayi Sarkin Gwaska ya kama wani ɓarawon doki daga cikin ayari, kayan gaba ba su taɓa ƙasa ba. Shi ke da gaskiya, ɓarawo ne. Shekara goma sha biyu fatake suna kewaye garinsa. Dawakinsa suka rame don rashin kanwa, mutanensa suka koma miya da toka. Yau kukoki ne a inda fadarsa take. Amma rantsuwar ba ta ɗaure mu duka ba. Ta yarda sarki ya rufe ƙofa kwana goma. Hanyar kudu ta cikin birninka ta bi, baya kuwa ƙasar Tsaure ce. Rufe ƙofa, ka jira. Wuya nama ce, tana gajiya."

Madawaki ya ce, "To a ji ni da kyau. Wanda alƙalinmu ba ya hukuntawa, mashinmu ba ya karewa."

Alƙali ya ce, "Wannan ma haka yake cikin rantsuwar."

Sarki ya ce a rufe ƙofa.

A rana ta huɗu Malam Ƙasimu ya nemi izini ya fita filin zango. Ya gaya wa Sarki za shi ne ya tabbatar ba a yi ha'inci ba. Daga baya ya amsa wa Galadima cewa so yake ya ga yadda ake riƙe kaya kwana huɗu.

Ya tarar an hutar da takarkarin gaba, domin bayansa ya goge. Mutane ke ɗauka da gammo, bi da bi. Makaɗin ayarin, wani gurgu mai suna Ɗandada, yana zaune kusa da madugu. In ya buga ganga sau uku, sai mutum biyu su ɗaga kayan daga kan wannan su ɗora wa wancan. Mata suna dahuwa, ana ɗinkin mangala, wani yana aski. Mutum ɗari uku suna harkarsu, amma kowa da ido guda a kan ƙunshin fatar.

Nomau ya shimfiɗa wa alƙali buzu. Tsoho ne gajere, muryarsa ta dushe.

"Allah gafarta Malam, tun da ka zo, in yi fatawa. Ga tsamiya can. In na rataye kayan a reshe, na sauke?"

"Ka sauke. Saiwarta cikin ƙasar Sarki take."

"In na ɗora a kan gado?"

"Ƙafafun gado a ƙasa suke."

"To jakina fa, a sama yake tafiya?"

Alƙali bai taɓa duba abin ta nan ba. Can ya ce, "Jaki yana iya tashi ya tafi da su. Gado ba ya iyawa. Muddin kayan suna kan mai rai, suna kan hanya."

Nomau ya ce, "Ɗandada, ka ji? Riƙe maganar nan, daga bakin alƙali ta fito."

Malam Ƙasimu ya ce, "Madugu uban tafiya, ni ma in yi tambaya. Ka san abin da ake zarginsa da shi. Me ya sa kake azabtar da mutum ɗari uku saboda shi?"

"Shekara huɗu yana cin tuwo cikin ƙwaryata. Ban taɓa miƙa ɗan ayarina ga wani ba, ba kuwa zan fara da furfura ba. Ban ce ba shi da laifi ba, Malam. Cewa na yi ba wanda ya kawo ƙararsa gabana. In Sarki yana da ƙara, ga buzu. Ya zo ya zauna, ya kawo shaidunsa, in ji."

"In kuma Allah ya yi maka rasuwa kafin kwana goman?"

"Wanda kayan ke hannunsa shi ne madugu har a kai zango na gaba. Haka muka tarar. Ayari ba ya kwana ba uba."

Tunau yana can gefe yana gyaran igiya, dogo ne mai tabo a haɓa. Alƙali ya dube shi, shi ma ya dube shi.

Alƙali ya kai wa Sarki saƙon madugu kalma da kalma. Madawaki ya miƙe tsaye don fushi. Sarki kuwa ya ce Sarkin Dargaza ba ya zama a buzun falke. Galadima ya lura Sarki bai ce madugun ya yi ƙarya ba.

A rana ta shida manzon Sarkin Tsaure ya iso da mahaya goma. Bayan gaisuwa ya ce, "Ubangidana yana gaishe da ɗan'uwansa. Ya ji bawansa da ya gudu yana ƙofarka. Tunau haifaffen Tsaure ne, laifin da ya yi ya ɓata sunan Tsaure, alƙalin Tsaure ke da shi. A ba mu shi mu hukunta, mu aiko maka da kansa."

Sarki ya dubi alƙali. Malam Ƙasimu ya ce, "Alƙalinku yana da iko da shi ranar da ya sauka a ƙasarku. Ni ina da iko da shi ranar da ya sauka a tamu. Yau ba na kowa ba ne sai madugunsa."

Manzo ya ce, "Ashe baƙinku ne ke gaya muku abin da za ku yi?"

Madawaki ya ce, "Ba baƙinmu ba ne! Ko kura ta cinye su a filin nan, ba mashin Dargaza da zai motsa sai sun sauke kaya."

Manzon ya miƙe. Ya yi sallama, bai ko tsaya cin abincin da aka kawo masa ba. Da suka fita Galadima ya ce, "Madawaki, ka ba shi abin da bai roƙa ba. Wanda ke son kan mutum ya riga bakinsa zuwa gaban alƙali, akwai abin da ba ya so a ji."

Kashegari shamuwa ta farko a shekarar ta sauka a kan kayan gaba, suna bisa kan mutum, ta daɗe ba ta tashi ba. Mai duba na fada ya ce alamar saukar kaya ce. Fatake suka ce shamuwa ba ta sauka a kan abin da zai faɗi. Da aka gaya wa alƙali, abin da ya tambaya shi ne ko ta tsattsagi wani abu daga ƙunshin ya zuba ƙasa. Aka ce a'a.

Mayaƙan Tsaure sun ƙetare kogi da safiyar rana ta tara, doki ɗari huɗu da 'yan baka a baya. Ba su nufi ganuwa ba, zango suka nufa. Fatake suka jera takarkarai da buhunan kanwa suka yi da'ira, mata da masu rauni a tsakiya. Tunau ya karɓi baka daga hannun wani, ya hau kan buhuna. Waɗanda suka gani daga ganuwa sun ce bai saki kibiya a banza ba.

A bayan ƙofa Madawaki ya tsayar da mayaƙansa cikin shiri, shi kuma ya hau ganuwa. Nomau ya yi kira daga ƙasa, "Madawaki, a buɗe! Akwai mata a nan!"

"Sauke kaya, Madugu! Igiya ɗaya ce tsakaninka da mashi dubu!"

Sau biyu dawakin Tsaure suka kai hari, aka mayar da su. A na uku suka fasa da'irar ta gabas. Kibiya ta sami mai ɗauke da kayan gaba a cinya. Sarkin Ƙofa ya ga ƙunshin ya karkata, ya ji ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru, ƙura ta rufe wurin. Ya yi ihu, "An sauke! An sauke!"

Aka zare sakata. Madawaki ya fito ta Ƙofar Zango ya bugi mayaƙan Tsaure ta haƙarƙari, alhali rabinsu sun sauka daga dawaki suna kwasar ganima. Kafin la'asar an kore su hayin kogi. Sun bar gawa sittin da kamammu arba'in. Dargaza ta rasa mutum goma sha ɗaya, ayari ya rasa talatin.

Da Madawaki ya dawo ya kama Tunau, sai ya tarar da shi tsaye a tsakiyar da'ira, kayan gaba a kansa. Madugu Nomau yana kwance gabansa rub da ciki, da kibiya a kwiɓi, ya cika.

Rana ta goma alƙali ya zauna a bakin ƙofa, Sarki da majalisa suna gefe. Ya fara da cewa ba shari'ar Tunau ya zauna yi ba. Ya zauna ne ya gano ko yana da ikon yin ta.

Sarkin Ƙofa ya ce ya ga kayan sun faɗi. Alƙali ya ce, "Ka ga inda suka faɗa?" Ya ce ƙura ta hana shi.

Aka kawo fatar. Babu ƙasa a jikinta, sai jini a gefe guda. Kowa a ayarin ya yarda da abu ɗaya: kayan a bayan Nomau suka faɗa, daga nan Tunau ya ɗauka.

Jagaban ayari ya rantse cewa Nomau, da kibiya a jikinsa, shi ya jefa kansa ƙarƙashin kayan, kuma yana numfashi sa'ad da aka ɗaga su. Aka ɗauko wanda aka harba a cinya. Ya dubi 'yan'uwansa ya ce, "Allah gafarta Malam, ba zan yi rantsuwar ƙarya ba. Na kira shi sau uku, kayan na bayansa, bai motsa ba. Ni a ganina ya riga ya tafi."

Alƙali ya ce, "In yana da rai, kayan suna kan hanya, Tunau kuwa shi ne madugu, ba alƙali a kansa sai kansa. In ya riga ya cika, gawa ta ƙasa ce, ayari ya sauka, Tunau nawa ne tun jiya. Shaida ɗaya nan, ɗaya can. Wa ya fi kowa kusa da shi?"

Aka ce Ɗandada makaɗi, shi ya tallafe kansa. Aka nemi Ɗandada. Mayaƙan Tsaure sun tafi da shi cikin waɗanda suka kwasa.

Madawaki ya ce, "To mu da muka fita muka bar mutum goma sha ɗaya a filin nan, a kan me?"

"A kan kiran Sarkin Ƙofa. Kun yi aikin alheri, Allah ya saka. Amma kira ba shaida ba ne."

Sarki ya tashi da kansa ya je gaban Tunau. Wannan ne karo na farko da suka tsaya fuska da fuska. Ya ce, "Wa ya sa ka?"

Tunau bai iya durƙusawa ba saboda kayan. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni na saki kibiyar, ban taɓa musu ba. Wanda ya sa ni, in na faɗa a nan, zance ne, gobe a ce maƙaryaci ya ƙaga don ya tsira. Ranar da na tsaya gaban alƙalin da ke da iko da ni, zan faɗa da rantsuwa, ko da ita ce maganata ta ƙarshe."

"Sauke kayan, yau ɗin nan ka tsaya gabansa."

"Mutum ɗari biyu da saba'in ke bayana yanzu, Zaki. Mai su ya mutu bai sauke ba. Sai na kai su."

Kwana goma suka cika. Da safe aka buɗe ƙofa kamar yadda rantsuwa ta ce, ayari ya ratsa birni daga arewa zuwa kudu, mutane sun cika bakin hanya. A ƙofar kudu alƙali ya matso kusa da Tunau ya rage murya.

"Nomau yana da rai sa'ad da ka ɗauki kayan?"

"Allah gafarta Malam, in na faɗa za ka karɓa?"

"A'a. Mutum ba ya shaidar kansa."

"To me za ka yi da ita?"

"In sani kawai."

Tunau ya gyara gammonsa da hannu ɗaya ya wuce.

Daga ƙofar kudu zuwa iyakar Dargaza tafiyar kwana shida ce. Alƙali ya gaya wa Sarki cewa in shaida ta biyu ta tabbatar ayarin ya sauka, huruminsa yana bin Tunau har dutsen iyaka, daga nan ba ya ƙara taki ɗaya. Sarki ya sa dogarai ashirin su bi ayarin a baya, kada su taɓa kowa, su dai zuba wa kayan ido. Sa'an nan ya tashi manzo zuwa Tsaure da tayin da ba a taɓa jin irinsa ba: kamammu arba'in, har da ƙanen Madawakin Tsaure, a kan gurgun makaɗi ɗaya. Galadima ya ce tayin ya yi yawa, zai sa Sarkin Tsaure ya tambayi abin da makaɗin ya sani. Sarki ya ce ba shi da kwanakin yin ciniki.

A rana ta huɗu da barin birni dogarai suka aiko cewa ayari ya wuce Rafin Gawo, kayan ba su taɓa ƙasa ba. Manzon da aka aika Tsaure bai dawo ba, kuma babu wanda ya zo da labarin ko Ɗandada ya isa can da rai.